Abin da ke sa Wi-Fi ɗin ofis yawan yankewa a gine-gine masu cunkoso, da yadda ake gano bakin zaren

Mutumin da ya taso da sassafe daga Gidan Katta, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, domin ya biya kuɗin jarrabawar ɗansa ta intanet, ko ya tura wa abokin cinikinsa kuɗin awaki, ko ya gyara wata takarda a ofis, amsar da ya fi fargabar ji idan ya iso cikin garin Illela ita ce "babu sabis". Wannan amsa tana iya cinye masa yini guda da kuɗin mota, ta kuma sa ma'aikacin da ke bayan tebur ya sha zargin da ba shi da hannu a ciki.

Illela gari ne na bakin iyaka, sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato a kan titin da ya bi ta Kware da Gwadabawa, kuma tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar tafiya ce ta 'yan mintoci. Tana cikin iyakoki huɗu da Gwamnatin Tarayya ta fara buɗewa a watan Disamban 2020 bayan rufewar da aka yi a watan Agustan 2019. Sauran su ne Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, sannan Najeriya ta buɗe ɓangarenta a watan Maris na 2024. A gari irin wannan, inda ake hada-hadar dabbobi da hatsi da albasa, ejan-ejan masu shige da ficen kaya da masu POS da shagunan buga takardu da ofisoshin gwamnati duk sun dogara da intanet, musamman tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 da ya tura 'yan kasuwa da dama ga biyan kuɗi ta waya.

Idan sabis ya riƙa yankewa, abin da aka saba yi shi ne a zargi kamfanin waya, a sauya layi, ko a ƙara sayen data. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta fita daga cikin ginin ba. Tana cikin 'yan mitocin da ke tsakanin rauta da kwamfuta, inda na'urorin maƙwabta ke rububin iska ɗaya. Irin wannan matsala ce ke addabar shagunan Farm Centre da Kantin Kwari a Kano da sakatariyoyin jihohi, kuma hanyar gano ta ɗaya ce a ko'ina.

Wi-Fi daban, intanet daban

Kuskuren farko shi ne ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu guda. Saƙon da ya tashi daga kwamfutar ofis yakan bi gaɓoɓi uku. Gaɓa ta farko ita ce daga kwamfuta ko waya zuwa rauta, kuma wannan kaɗai ake kira Wi-Fi. Ta biyu ita ce daga rauta zuwa turken kamfanin sadarwa, ta hanyar layin SIM ko kebul ko faifan tauraron ɗan Adam. Ta uku ita ce daga kamfanin zuwa shafin da ake nema, na banki ne ko na wata hukuma. A ƙarƙashin dukkansu akwai wutar lantarkin da ke riƙe da rautar.

Alamar Wi-Fi da ake gani a saman waya tana ba da labarin gaɓa ta farko ne kawai, kuma ko a nan ɗin ƙarfin sigina take nunawa, ba ta nuna yawan masu rububin iskar. Shi ya sa mutum zai ga alamar ta cika taf, amma shafi ya ƙi buɗewa. Duk wanda bai fara tantance gaɓar da ta lalace ba, zai yi ta kashe kuɗi a kan gaɓar da lafiyarta ƙalau.

Zango da tasha

Wi-Fi rediyo ne, sai dai na gajeren nisa. Asalinsa ya koma 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da izinin amfani da wasu zanguna ba tare da lasisi ba. A 1997 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, a 1999 kuma sunan Wi-Fi ya bayyana. Rashin buƙatar lasisin nan shi ne ya sa abin ya yi araha har ya shiga kowane shago. Shi ne kuma ya sa babu wanda ya mallaki iskar, kuma babu wanda aka yi wa alƙawarin kariya daga maƙwabcinsa.

Zanguna biyu aka fi amfani da su a nan ƙasar: na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Zangon 2.4 ya faro daga megahaz 2400 zuwa 2483.5, an kuma yanka shi zuwa tashoshi 13, tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5. Amma rauta ɗaya tana cin faɗin megahaz 20 idan tana aiki, wato tana mamaye gurbin tashoshi kusan huɗu. Saboda haka tashoshin da aka saba ɗauka cewa ba sa taka juna uku ne kacal: ta 1 da ke kan megahaz 2412, ta 6 da ke kan 2437, da ta 11 da ke kan 2462. Bene mai shago goma sha biyu, kowane da rautarsa, yana raba tashoshi uku ne tsakanin rautoci goma sha biyu.

Zangon 5 ya fi faɗi nesa ba kusa ba, yana da tashoshi sama da 20 da ba sa taka juna, gwargwadon abin da dokar ƙasa da na'urar suka yarda da shi. Rauninsa shi ne bango ya fi cin ƙarfinsa, don haka ba ya nisa. A gini mai cunkoso wannan rauni alheri ne, domin siginar maƙwabci ba ta cika tsallako katanga da ƙarfi ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta kamata kowa ya sani: a kan tasha ɗaya, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kowace na'ura sai ta kasa kunne, idan ta ji wata tana aikawa ta dakata, ta jira ɗan lokaci, sannan ta sake gwadawa. Kamar zaman sulhu ne a zauren mai unguwa, inda kowa ke jiran a ba shi dama. Idan mutum biyar ne a zauren, magana za ta zagayo da sauri. Idan hamsin ne, mai gaggawa sai ya yi haƙuri. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ire-iren katsalandan

Nau'i na farko shi ne cunkoso a tasha ɗaya. Rautoci huɗu a kan tasha ta 6 suna jin juna, suna kuma bi da bi. Aiki zai yi nauyi amma ba lallai ya tsinke ba. Ko da ba kowa a kan rauta, tana shelar sunanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa, kuma wannan shela ma tana cin lokacin iska.

Nau'i na biyu ya fi muni, shi ne na tashoshin da ke taka juna. Wanda ya ga tasha ta 1 da ta 6 sun cika, sai ya koma ta 3 yana ganin ya yi dabara, ya jawo wa kansa da maƙwabtansa asara. Rautarsa tana shiga gurbin ta 1 da na ta 6 a lokaci guda, su kuma ba sa fahimtar maganarta sosai balle su jira ta. Hayaniya kawai suke ji. Saƙonni sukan lalace a hanya, a sake aiko su, iskar ta ƙara cika.

Nau'i na uku shi ne na'urorin da ba Wi-Fi ba amma suna zaune a zangon 2.4. Bluetooth yana tsalle tsakanin ƙananan tashoshi 79 a cikin zangon, don haka lasifikoki da abin saƙalawa a kunne da linzamin kwamfuta marar waya duk suna da ɗan kasonsu. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a kusan megahaz 2450, tsakiyar zangon ke nan. Wasu kyamarorin tsaro marasa waya suna watsa hoto ba tsayawa. Hatta kebul da filashin USB 3.0 marasa kyakkyawan rufi suna fitar da hayaniya a wannan zango, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a 2012. Filashin da aka soka kusa da eriyar kwamfuta yana iya raunana sigina.

Nau'i na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa da shi a kasuwanninmu. Duk wayar da aka kunna wa hotspot ta zama ƙaramar rauta. Haka kowace MiFi da ke aljihun ɗan kasuwa, haka firinta mai watsa nata sunan, haka wayoyin masu tura fina-finai da waƙoƙi ta manhajoji irin su Xender, waɗanda ke kafa Wi-Fi tsakanin waya da waya suna cika iska da manyan fayiloli. Ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, ofishin da ke kusa da taron jama'a yana iya samun maƙwabtan iska da ba ya da su ranar Talata. Jikin ɗan Adam ma, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye sigina. Ɗakin jira da ya cika da mutane ya bambanta da wanda ba kowa.

Sai kuma na'ura mai rauni. Wayar da ke can ƙarshen baranda, ko tsohuwar kwamfuta, takan sauko zuwa gudun megabit 6 a daƙiƙa, alhali ta kusa da rauta tana iya yin 65. Fayil ɗin da ta kusa za ta aika cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta nesa sai ta shafe kusan daƙiƙa bakwai tana riƙe da iskar, kowa yana jiranta. Mai gadin da ke kallon bidiyo a bakin ƙofa da kalmar sirrin ofis yana iya jinkirta aikin akanta da ke zaune kusa da rautar.

A ƙarshe akwai ginin kansa. Kankare mai rodi, ƙofofin ƙarfe, kabad ɗin ajiye fayil, kwanon rufi, tankin ruwa da shagon kwantena duk suna tare sigina ko su mayar da ita baya. A irin wannan wuri kwamfutoci biyu da bango ya raba suna iya jin rauta amma ba sa jin juna, sai su yi magana a tare, saƙonninsu su yi karo.

Gwaje-gwaje biyar kafin a kashe ko sisi

Na farko, a buɗe littafi. A rubuta ranar da sabis ya yanke, da lokacin, da ɗakin, da na'urar da abin ya shafa, har tsawon mako guda. Idan kwamfuta ɗaya ce ke wahala, matsalar tata ce ko ta wurin zamanta. Idan kowa ne a lokaci guda, a duba rauta da wuta da layin waje. Idan abin yana zuwa ne daga hantsi zuwa la'asar ya lafa da dare, ko ya tsananta ranar kasuwa, cunkoso ne, ko dai a iskar ginin ko a turken kamfani.

Na biyu, gwajin kebul, kuma shi ne mafi sauƙi da inganci. A haɗa kwamfuta da rauta da kebul na Ethernet, a kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, a yi aiki a daidai lokacin da aka saba samun matsala. Idan komai ya daidaita, laifin na iskar ɗaki ne. Idan har yanzu yana yankewa, a bar zancen tashoshi, a koma kan layin waje ko rautar kanta.

Na uku, gwajin ping, wanda ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. A kwamfuta mai Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig, a nemo lambar da ke gaban Default Gateway. Ita ce adireshin rauta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sai a rubuta ping -t tare da wannan lamba. A wata tagar kuma a rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na Google a waje. A bar su suna tafiya. Amsar rauta a lafiyayyen Wi-Fi ba ta cika wuce milisakan 10 ba. Idan tana tsalle zuwa ɗaruruwa ko tana ɓacewa, matsalar tana cikin gida. Idan ta rauta tana nan daram amma ta waje ce ke ɓacewa, a nemi kamfani.

Na huɗu, a leƙa iskar. Akwai manhajojin nazarin Wi-Fi na kyauta a wayoyin Android da ke zana kowace rauta a kan tasharta. A Windows, umarnin netsh wlan show networks mode=bssid yana jero sunaye da tashoshi da ƙarfinsu. A zagaya ofis da wayar, a tsaya a kowane tebur. Ana auna ƙarfin sigina da dBm, lamba ce mai alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar lamba ta fi kyau: -50 ƙarfi ne sosai, -67 shi ne iyakar da masana suka saba nema domin kiran murya da bidiyo, -80 kuwa ba abin dogaro ba ne. Ragin 3 yana nufin ƙarfi ya ragu da rabi, ragin 10 kuma ya ragu sau goma. Abin dubawa a nan shi ne rautocin da ke iso teburinka da ƙarfi, ba yawan sunayen da suka bayyana ba. A tuna cewa waɗannan manhajoji ba sa ganin Bluetooth da kyamara da maikirowef. Su sai dai a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana kallon ping.

Na biyar, a ƙirga mutanen gida. A shiga shafin rauta ta adireshin nan nata, a duba jerin na'urorin da ke haɗe. Ofis mai ma'aikata shida da ya tarar da na'urori talatin ya gano rabin matsalarsa. Ƙananan MiFi da yawa an ƙera su ne don na'urori kamar 10 zuwa 16, kuma tun kafin a kai wannan adadi sukan fara gajiya.

Abubuwa uku da ke kama da katsalandan a bakin iyaka

A garuruwa irin su Illela da Jibiya da Maigatari, igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba. Rauta ko MiFi mai layin Najeriya, idan an bar ta tana zaɓar sabis da kanta kuma an buɗe mata damar yawo, tana iya kama turken wani kamfani na Nijar, kamar Airtel Niger ko Moov Africa ko Zamani Telecom, a lokacin da siginar gida ta yi rauni. Datar da aka saya don amfanin cikin gida ba ta aiki a can, sai intanet ya tsaya alhali Wi-Fi yana cike. Maganinsa shi ne a shiga saitin rauta a kashe damar yawo, a zaɓi kamfanin da hannu. Idan kuma rautar tana sauka daga 4G zuwa 3G tana komawa, a ɗaure ta a kan 4G matuƙar siginarsa ta wadatar, a kuma ajiye ta kusa da tagar da ke fuskantar turken gida.

Abu na biyu zafi ne. Yawancin rautocin gida da na ƙananan ofisoshi an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura haka a inuwa. Rautar da aka ɗora a saman kabad dab da kwanon rufi, ko aka rufe a cikin durowa don gudun ɓarayi, takan rage gudu ko ta mutu ta farfaɗo da kanta. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan shan iskarta. Idan yankewar tana zuwa ne da tsakar rana kuma jikin rautar yana ƙuna, ba maƙwabci ba ne.

Na uku wuta. Duk lokacin da aka sauya daga wutar gwamnati zuwa janareta ko inbata, rauta takan mutu, kuma tana buƙatar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta dawo. Cajar da ba tata ba, ko wadda ta tsufa, tana sa ta riƙa sake tashi idan aiki ya yi nauyi. Alamar wannan ita ce sunan Wi-Fi ɗin ya ɓace gaba ɗaya daga waya sannan ya dawo. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a shagunan kayan waya yana kawar da wannan matsala.

Gyara, daga mai araha zuwa mai tsada

A fara da wurin zama. Rauta tana son tsakiyar ofis, a sama da kan mutane, a fili, nesa da ƙarfe da tankin ruwa da inbata. Eriyoyinta su tsaya a miƙe. Idan rauta mai SIM ce da dole ta zauna a taga, a bar ta can, a ja kebul zuwa wata na'urar watsa Wi-Fi a tsakiyar ɗaki, a kashe Wi-Fi ɗin ta tagar.

Sai tasha. A zangon 2.4 a zaɓi 1 ko 6 ko 11, wadda maƙwabta masu ƙarfi suka fi ƙaranci a kanta, a kuma tsayar da faɗin tasha a kan megahaz 20. Faɗin 40 yana cin kusan rabin zangon, kuma a gini mai cunkoso babu ribar da yake kawowa. Zaɓin "Auto" yana aiki a wasu rautoci, amma da yawa sukan zaɓi tasha ne lokacin da aka kunna su da safe, kafin maƙwabta su buɗe shago.

Babban sauƙi yana cikin ƙaura zuwa zangon 5. Rautar da aka rubuta wa Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, ko AC ko AX, tana da shi. A ba zangunan biyu suna daban-daban, a ɗora kwamfutocin aiki da sababbin wayoyi a kan na 5, a bar na 2.4 ga firinta da tsofaffin wayoyi da na'urorin da ba su san wani zango ba. Tashoshi 36 da 40 da 44 da 48 sun fi kwanciyar hankali. Daga 52 zuwa sama akwai waɗanda Wi-Fi ke tarayya da na'urar rada a kansu, kuma rauta takan tashi daga tashar da zarar ta ji alamar rada, abin da ke jawo yankewa na ɗan lokaci. Faɗin megahaz 20 ko 40 ya wadatar da aikin ofis.

Duk abin da ba ya motsi a ba shi kebul. Kwamfutar tebur, firinta, na'urar ɗaukar hoton yatsa da akwatin kyamarorin tsaro ba su da dalilin shiga rububin iska. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da rauni ba, kuma babu maƙwabcin da zai iya yi masa katsalandan. Kwamfutar da ake biyan kuɗi ko shigar da bayanan kaya da ita ita ce ta fi cancantar wannan gata, domin yankewa a tsakiyar biya ita ke haifar da cire kuɗi ba tare da shaida ba, da zirga-zirgar banki da ke biyo baya.

A rage ƙarfin watsawa idan ofishin ƙarami ne. Wannan yakan ba mutane mamaki, amma rauta mai ƙarfi ba ta ƙara wa waya ƙarfin mayar da amsa. Abin da take yi shi ne shiga ɗakunan maƙwabta, su ma su ƙara nasu. Ofis mai ɗakuna da yawa ya fi amfana da na'urori biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi, kowace a tasharta, an haɗa su da kebul.

A ƙarshe a tsare ƙofa. A sauya kalmar sirri lokaci-lokaci, a yi amfani da tsaron WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wanda aka gano rauninsa tun 2011. A sauya kalmar shiga shafin rauta daga wadda ta zo da ita. Baƙi a ba su layin baƙi mai iyakantaccen gudu. A tsara sabunta manhajojin kwamfuta da ɗora hotunan waya su koma bayan tashi aiki.

Abin da bai kamata a yi gaggawar saye ba

Na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ake sokawa a soket tana karɓar saƙo ne ta sake faɗarsa, yawanci a kan tasha ɗaya, don haka kowane saƙo yana cin iska sau biyu kuma gudu yana raguwa da kusan rabi. A gidan da ba cunkoso tana da amfani. A plaza ƙarin baki ce a zauren da ya riga ya cika. Ƙarin data ko babban tsari daga kamfani ba ya gyara iskar ɗaki. Na'urar ƙara ƙarfin siginar waya kuwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sha gargaɗin cewa kafa ta ba tare da izini ba laifi ne, domin tana dagula sabis ɗin unguwa baki ɗaya.

Zama da maƙwabta, da inda ake kai kuka

Tunda zangunan Wi-Fi na kowa ne, babu ofishin da za a kai ƙarar maƙwabci don rautarsa ta hau tasha ta 6. Mafita tana hannun mazauna ginin. Kamar yadda 'yan plaza ke zama su tsara kuɗin mai gadi da na shara da na man janareta, haka za su iya zama su raba tashoshi: shagon farko 1, na biyu 6, na uku 11, na huɗu ya koma 1, a saman bene kuma a goce tsarin don kada na sama da na ƙasa su haɗu. A amince kowa ya tsaya a faɗin 20, ya rage ƙarfi, ya kashe hotspot ɗin da ba a amfani da shi. Inda aminci ya kai, shaguna da yawa suna iya haɗa kuɗi su ɗauki layi ɗaya mai ƙarfi a raba musu da kebul, kowa da kalmar sirrinsa, bayan sun tabbatar sharuɗɗan kamfanin sun yarda da hakan. Mai gina sabon bene kuma ya sa bututun kebul a bango tun kafin a yi filasta.

Idan gwaje-gwajen sun nuna cewa iskar gida lafiya take kuma layin waje ne ke yankewa, sai a kira kamfanin a lamba 300, wadda ta zama ta bai ɗaya ga duk kamfanonin waya tun 2023, a karɓi lambar ƙorafi a adana. Idan ba a samu biyan buƙata ba, lambar NCC ta kyauta ita ce 622. Littafin da aka rubuta ranaku da lokuta da sakamakon ping shi ne hujjar da za a gabatar, kuma ita ce ke sa a ɗauki ƙorafin da muhimmanci.